Tambayoyi da amsoshi kan alƙalan da ake zaɓa a Amurka: Allison Riggs da ƙuri'u 734

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa tsakanin 'yan uwa mazauna Amurka da suka samu takardar zama 'yan ƙasa, da kuma mutanen gida da ke jin labarin suna mamaki. Na tattara su wuri guda, na kuma bi su ta kan labarin alƙaliya ɗaya, Allison Riggs ta jihar Karolina ta Arewa, don a ga abin a jikin mutum.

Wai da gaske a Amurka ana zaɓen alƙali kamar yadda ake zaɓen gwamna?

Da gaske ne, amma ba kowane alƙali ba. Alƙalan tarayya, wato na Kotun Ƙolin Amurka da kotunan da ke ƙarƙashinta, shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunansu majalisar dattawa ta tantance, kuma in sun hau sun hau kenan sai mutuwa ko murabus ko tsigewa. Alƙalan jiha kuwa kowace jiha da nata tsarin, kuma a jihohi sama da 30 sunan alƙalin babbar kotu yana fitowa a takardar ƙuri'a ko ta wace hanya ce.

Akwai inda ake tsayawa da tutar jam'iyya ƙarara kamar Karolina ta Arewa da Texas, akwai inda ake takara amma ba a rubuta jam'iyya kusa da suna ba kamar Wisconsin da Minnesota, akwai kuma tsarin da Missouri ta fara a 1940, inda kwamiti ke tace sunaye gwamna ya ɗauki ɗaya, bayan ya ɗan yi aiki sai a tambayi jama'a a bar shi ko a cire shi, i ko a'a kawai ba abokin hamayya. Da irin wannan tambayar aka sauke shugabar alƙalan California Rose Bird a 1986, aka kuma sauke alƙalai uku a Iowa a 2010. A Virginia da Karolina ta Kudu kuma 'yan majalisar jiha ne ke zaɓa. Al'adar ba sabuwa ba ce, tun 1832 Mississippi ta fara zaɓen duka alƙalanta.

Mene ne aikin kotun ɗaukaka ƙara ta jiha, me ya raba ta da kotun ƙolin jiha?

A Karolina ta Arewa shari'a tana farawa ne a kotunan ƙasa inda ake kawo shaidu a yi tambayoyi, wanda bai gamsu ba sai ya haura kotun ɗaukaka ƙara. An buɗe ta a 1967, tana da alƙalai 15, kuma ba duka suke zama a kan shari'a ba, uku-uku ake raba su. Ba su sake kiran shaidu, takardun abin da ya faru a ƙasa suke karantawa da hujjojin lauyoyi su duba ko alƙalin farko ya bi doka daidai.

Kotun ƙolin jiha ita ce saman wannan, alƙalai 7 a birnin Raleigh, kuma yawancin ƙararraki ita ke zaɓar wanda za ta saurara, ban da irin hukuncin kisa da ke wucewa wajenta kai tsaye. Abin da mutane ba su lura ba shi ne mafi yawan ƙararrakin da aka ɗaukaka a wajen alƙalai ukun nan suke ƙarewa, rikicin riƙon 'ya'ya ne ko diyyar rauni a wajen aiki ko hukuncin ɗauri. Da can in ɗaya cikin ukun ya saɓa wa sauran kana da haƙƙin wucewa kotun ƙoli kai tsaye, a 2023 majalisar jiha ta soke wannan, don haka nauyin kotun ta tsakiya ya ƙaru. Wa'adin alƙali a kotunan biyu duk shekara 8 ne.

Wace ce Allison Riggs, ta ina ta biyo har ta zama alƙaliya?

Lauyar kare haƙƙin masu zaɓe ce, ba ta taɓa yin alƙalanci a kotun ƙasa ba kafin a kai ta sama. Ta yi karatun lauya a Jami'ar Florida, ta shafe fiye da shekara goma a wata ƙungiya da ke Durham mai suna Southern Coalition for Social Justice, wadda Anita Earls ta kafa, ita ma Earls ɗin yanzu alƙaliya ce a kotun ƙolin jihar. Riggs ta tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, a 2018 kan shata mazaɓun Texas, sai 2019 a shari'ar da aka fi sani da Rucho kan mazaɓun Karolina ta Arewa. Ku riƙe sunan Rucho ɗin nan, zai dawo a amsar da ke bayanin dalilin da jam'iyyu ke kokawa kan kujerar.

A zaɓen 2022 alƙali Richard Dietz ya ci kujerar kotun ƙolin jiha, kujerarsa ta kotun ɗaukaka ƙara ta zama babu kowa, sai gwamna Roy Cooper ya naɗa Riggs ta fara aiki a Janairun 2023. Ba ta cika shekara a can ba, a Satumbar 2023 alƙali Michael Morgan ya ajiye aiki a kotun ƙoli don neman takarar gwamna, Cooper ya sake ɗaga ta zuwa wannan kujerar.

In gwamna ne ya naɗa ta, me kuma ya kai ta tsayawa zaɓe?

Naɗin gwamna cike gurbi ne kawai, ba cikakken wa'adi ba. Wanda aka naɗa yana riƙe kujerar zuwa babban zaɓe, daga nan sai ya fito ya nemi ƙuri'a kamar kowa. Alƙalai da yawa a jihohin da ake zaɓe ta wannan ƙofar suke shigowa, kuma tana da amfani sosai ga mai ita, don yana zuwa gaban jama'a da sunan alƙali mai ci. Riggs sai da ta fara tsallake zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokrat a Maris 2024, inda ta doke alƙaliya Lora Cubbage, sannan ta wuce babban zaɓen 5 ga Nuwamba.

Wa ta kara da shi?

Jefferson Griffin na jam'iyyar Rifablikan, wanda shi ma alƙali ne a kotun ɗaukaka ƙarar da ta baro. Hanyarsa ita ce wadda aka fi sabawa da ita, ya yi lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara a gundumar Wake, gwamna Pat McCrory ya naɗa shi alƙalin kotun gunduma a 2015, ya ci zaɓen kotun ɗaukaka ƙara a 2020. Kuma hafsa ne a sashen shari'a na dakarun tsaron jiha, an taɓa tura shi aiki ƙasar waje. Faɗuwa zaɓen kotun ƙoli bai taɓa kujerarsa ba, tana nan hannunsa zuwa 2028.

Yaya aka yi tazarar ta tsaya a 734 kacal?

Daren zaɓe Griffin ne a gaba da wajen ƙuri'a dubu goma. Sai dai ƙidayar dare ba ita ce ta ƙarshe ba, akwai ƙuri'un gidan waya da ba a gama da su ba, akwai na wucin gadi waɗanda ake ajiyewa a ambulan sai an tabbatar mai su ya cancanta, kuma gundumomi 100 na jihar kowace sai ta zauna ta tantance nata. Da aka gama Riggs ta wuce gaba. Griffin ya nemi a sake ƙidaya, haƙƙinsa ne a doka tunda tazarar ba ta kai dubu goma ba, aka sake da na'ura, aka kuma ɗebo wasu rumfuna aka ƙirga da hannu, sakamakon bai juya ba. Ƙuri'a 734 cikin sama da miliyan biyar da rabi.

Kuma ba wannan ne karo na farko a jihar ba, a 2020 Paul Newby ya doke Cheri Beasley a kujerar shugaban alƙalai da ƙuri'a 401, ita kuma bayan sake ƙidaya ta kira shi ta amince.

To waɗanne ƙuri'u ne Griffin ya ce a soke, kuma a kan me?

Kashi uku ne. Mafi girma mutum sama da dubu sittin, waɗanda a kundin rajista ba a ga lambar lasisin tuƙinsu ba ko lambobi huɗu na ƙarshe na lambar soshal, wato lambar shaida da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji. Dokar tarayya ta 2002 ta ce a karɓi ɗaya daga cikin biyun, to amma tsohon fom ɗin jihar ne ke da matsala, wuraren da suke dole an yi musu alama da ja, shi wannan gurbin ba a yi masa ba, mutum ya cike abin da aka nuna masa dole ne ya miƙa, ma'aikaci ya karɓa, aka aiko masa da kati, ya yi shekara da shekaru yana zaɓe ba wanda ya ce masa uffan. Wasu ma sun rubuta lambar, wajen shigarwa a kwamfuta ne ba ta dace da sunan ba, kamar matar da ta canza suna bayan aure. Cikin jerin har da iyayen Riggs ɗin kanta. Kuma wani abin lura, ƙuri'un waɗanda suka jefa ƙuri'a da wuri kafin ranar zaɓe ko ta gidan waya kaɗai aka iya ƙalubalanta don su ne ke ɗauke da lambar da za a iya zaro su, wanda ya jefa ranar zaɓe da irin wannan rajistar tasa ƙuri'ar ta shige cikin sauran ba mai iya gano ta.

Kashi na biyu wasu dubbai ne na sojoji da mazauna ƙasashen waje da ba su haɗo da kwafin katin shaida mai hoto ba, alhali hukumar zaɓen jiha da kanta ta ce musu ba sai sun haɗo ba, kuma a wasu 'yan gundumomin da Dimokrat ke da ƙarfi aka nemi a soke, irin su Guilford. Na uku mutum ɗari biyu da wani abu, 'ya'yan 'yan jihar da aka haifa a waje ba su taɓa zama cikinta ba.

Ni dai a nan nake tsayawa, kuma ba don jam'iyya ba. Griffin bai kawo hujjar cewa mutanen nan ba su cancanta ba ko sun yi maguɗi, kuskuren ofis ya nuna, kuma in akwai gyara a rajista lokacinsa kafin zaɓe ne, wanda aka yi bayan an ga sakamako ihu ne bayan hari. Mutum ya bi duk abin da hukuma ta ce ya yi sannan a zo a ce ƙuri'arsa ba ta ƙirgu ba, wannan ba adalci ba ne ko wa zai amfana.

Yaya shari'ar ta tafi har ta kai wata shida?

A Disamba 2024 hukumar zaɓen jiha ta yi watsi da ƙorafin. Griffin ya tafi kotun ƙolin jiha, a farkon Janairu 2025 ta hana a ba Riggs takardar shaidar cin zaɓe, daga baya ta ce a koma a faro daga ƙasa. A Fabrairu alƙalin babbar kotun gundumar Wake ya ba hukumar zaɓe gaskiya. Ranar 4 ga Afrilu alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, wato abokan aikin Griffin kenan, suka juya hukuncin da biyu da ɗaya, suka ce mutum dubu sittin ɗin nan su kawo shaida cikin ranakun aiki 15 ko a zubar da ƙuri'unsu. Ranar 11 ga Afrilu kotun ƙolin jiha ta ce a'a, na dubu sittin a ƙirga su don laifin hukuma ne, amma na ƙasashen waje su kawo shaida cikin kwana 30, waɗanda ba su taɓa zama a jihar ba kuma a soke nasu. Tunda tazarar 734 ce, wannan ragowar ma ta isa ta juya zaɓen.

Kotun tarayya ce ta rufe maganar. Ranar 5 ga Mayu alƙali Richard Myers, wanda Donald Trump ne ya naɗa shi, ya ce soke ƙuri'un nan bayan zaɓe ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka, ƙa'ida kafin a fara ake kafa ta ba bayan an gama ba, kuma ba za a ware wasu gundumomi a tsananta musu a bar sauran ba. Ya ba da umarni a tabbatar da sakamakon. Griffin ya sauka ranar 7 ga Mayu bai ɗaukaka ƙara ba, aka rantsar da Riggs ranar 13 ga Mayu 2025. Shi ne zaɓen 2024 na ƙarshe da aka kammala a duk ƙasar.

Ba ita ma tana cikin kotun da ta saurari ƙarar ba? Ta yi wa kanta shari'a kenan?

A'a, ta tsame hannunta daga shari'ar tun farko, shi ma Griffin bai zauna cikin ukun da suka saurara a tasa kotun ba. Ta dai ci gaba da zama a kan sauran shari'o'i don doka ta ce mai kujera yana riƙe ta har a tabbatar da magaji. Amma tambayar tana kan hanya, don waɗanda suka rage su yanke hukunci abokan aiki ne kuma 'yan jam'iyya ne da su ma sai sun sake neman ƙuri'a, wannan shi ne babban raunin tsarin. Sai dai a yi wa Richard Dietz adalci, ɗan Rifablikan ne amma tun Janairu ya saɓa wa 'yan uwansa, ya ce kotu ba ta da hurumin sauya ƙa'idar zaɓe bayan an kaɗa ƙuri'a, shi ne kuwa wanda Riggs ta gaji kujerarsa kamar yadda aka faɗa a amsar tarihinta.

Me ya sa jam'iyyu ke kokawa haka kan kujerar alƙali ɗaya?

Saboda Rucho. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce, da biyar da huɗu, kotunan tarayya ba za su shiga maganar shata mazaɓu don fifita jam'iyya ba, sai abin ya koma hannun kotunan jiha. A 2022 kotun ƙolin Karolina ta Arewa, lokacin Dimokrat na da huɗu Rifablikan uku, ta soke taswirar da majalisar jiha ta zana, aka yi zaɓe da wata taswirar, kujerun jihar 14 a majalisar wakilai ta tarayya suka rabu bakwai-bakwai. A Nuwambar shekarar Rifablikan suka ci kujerun alƙalai biyu suka koma biyar da biyu, sabuwar kotun ta sake buɗe shari'ar, a Afrilun 2023 ta warware hukuncin, aka zana sabuwar taswira, zaɓen 2024 ya ba Rifablikan goma Dimokrat huɗu. Tsarin mulkin jihar bai canza ko harafi ɗaya ba tsakanin hukuncin biyu, alƙalan ne suka canza.

Nasarar Riggs ba ta sauya rinjaye ba, biyar da biyu ɗin nan yana nan, abin da ta yi shi ne ta bar wa Dimokrat hanyar da za su iya ƙwato rinjaye a 2028.

Kuɗin kamfe fa, wa ke ba alƙali, kuma ba cin hanci ba ne a fakaice?

Kwamitin kamfe ne ke karɓa daga lauyoyi da 'yan kasuwa da jam'iyya da talakawa, ga kuma ƙungiyoyin waje da ke sayen talla da kansu ba tare da kuɗin ya bi ta hannun ɗan takara ba. Adadin yana ta hauhawa, zaɓen kujera ɗaya a kotun ƙolin Wisconsin ya ci sama da dala miliyan 50 a 2023, na 2025 ya kai wajen miliyan 100 har da kuɗin Elon Musk a ciki. Karolina ta Arewa ta taɓa gwada ba 'yan takarar manyan kotuna kuɗin gwamnati daga 2004, a lokacin kuma ba a rubuta jam'iyya, aka soke tallafin a 2013, sunan jam'iyya ya dawo daga baya.

Doka ba ta kira shi cin hanci ba amma ta san akwai haɗari. A West Virginia shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe wajen dala miliyan 3 don Brent Benjamin ya ci kujera, alhali kamfaninsa na da hukuncin dala miliyan 50 da ke tafe gaban kotun, Benjamin ya ƙi janyewa ya kuma kaɗa wa kamfanin. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole ne ya janye. A 2015 kuma ta amince jiha tana iya hana ɗan takarar alƙali roƙon kuɗi da bakinsa.

Ɗan takarar alƙali zai iya cewa in na ci zan yanke kaza?

Tun hukuncin 2002 kan wata dokar Minnesota yana da damar faɗin ra'ayinsa kan batutuwan da ake gardama a kai, abin da bai kamata ba shi ne yin alƙawarin yadda zai yanke wata shari'a. Shi ya sa za ka ji suna cewa ga abin da na yi imani da shi, Riggs ma a kamfe ɗinta ta yi magana a fili kan haƙƙin zaɓe da batun zubar da ciki, abokan hamayya suka ce ta wuce gona da iri. Layin siriri ne gaskiya, kuma mai zaɓe ne zai auna.

A Najeriya ma akwai irin wannan?

Babu zaɓen alƙali a Najeriya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tarayya ce ba ta jiha ba, abin da ya fi kusa a matakin jiha shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, inda gwamna ke naɗa ƙadi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, Girandi Ƙadi kuma sai majalisar dokokin jiha ta amince. Ba wa'adin shekara 8, ana tafiya ne har shekarun ritaya, wanda gyaran 2023 ya mayar 70 ga duka manyan kotuna. Wani abin da Najeriya ke da shi wanda rikicin Riggs ya rasa shi ne ƙayyadadden lokaci, kotun sauraron ƙarar zaɓe kwana 180 gare ta, ɗaukaka ƙara kwana 60.

Ina da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, zan iya zaɓen alƙali tunda na jiha ne?

Kar ka kuskura. Zaɓen jiha da na tarayya na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma yin rajista ko jefa ƙuri'a kafin ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa na iya rusa maka neman takarda har ya kai ga kora daga ƙasar. Ko a ofishin lasisin tuƙi aka miƙo maka fom ɗin ka ce a'a.

Na zama ɗan ƙasa, me zan yi don kar sunana ya faɗa irin wancan jerin, kuma ta ina zan san alƙalan?

Shiga shafin hukumar zaɓen jiharka ka nemo sunanka tun da sauran lokaci, ka duba rubutun sunan ya yi daidai da na lasisi da na katin soshal harafi da harafi. Wannan ya shafe mu sosai, mai Muhammad a takarda ɗaya Mohammed a wata, ko wanda sunan mahaifi ya zama na tsakiya a nan ya zama na ƙarshe a can, irinsu ne kwamfuta ke kasa haɗawa. In ka ga saɓani ka je ofishin zaɓen gundumarku da takardunka a gyara. Karolina ta Arewa ta fara aikin gyaran rajistar a 2025, in wasiƙa ta zo maka daga hukumar kar ka jefar da ita cikin tarkacen talla.

Wajen sanin 'yan takara kuwa, kafin zaɓe ana saka samfurin takardar ƙuri'ar unguwarku a intanet, ka buga ta ka zauna da ita a gida ka bincika sunayen ɗaya bayan ɗaya, hukunce-hukuncen alƙali mai ci duk suna shafin kotun kyauta. A Karolina ta Arewa an daina cike da'ira ɗaya ta wadatar wa jam'iyya gaba ɗaya, kowace kujera sai ka cike tata da biro, kuma ka juya bayan takardar don sau da yawa akwai sauran kujeru a can. Kujerar Anita Earls ce a layi a 2026, kujeru uku har da ta shugaban alƙalai a 2028, ta Riggs kuma sai 2032.